Abin da ake sawa a ƙarƙashin rigar aiki: darasi ga masu taɓa dabbobi marasa lafiya

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan likitan dabbobi, ko ya kai garkensa wurin allurar rigakafi a Tamaske, ya ga ma'aikata sanye da rigar aiki, fara ko shuɗiya ko tsanwa. Idan an tashi daga aiki sai a tuɓe ta a rataye. Amma akwai wata rigar da mutane da yawa ba sa tuɓewa, wato wadda ke ciki, manne da fata. Da ita ake hawa babur, da ita ake shiga gida, da ita mutum ke ɗaukar ɗansa, wani ma da ita yake kwana. Darasinmu na yau a kanta yake, da sauran kayan da ke ƙarƙashin rigar aiki.

Darasin ya shafi mataimakan likitan dabbobi da ke aiki cikin garuruwa da rugage, da mata masu yi wa kaji allura, da samarin da ke kama shanu ranar rigakafi. Ya shafi kuma kowane makiyayi da kan sa hannu ya taimaki akuya ko saniya wurin haihuwa, ko da bai taɓa mallakar rigar aiki ba.

Me ya sa rigar ciki ta zama abin magana

A watan Agusta na 2016 aka fara samun mutane suna mutuwa a yankin Cintabaraden, nan jihar Tawa, a daidai lokacin da dabbobi ke ta ɓari suna mutuwa. Bincike ya nuna masassarar Rift ce, cutar da aka fara ganowa a ƙasar Kenya a 1931. Zuwa ranar 11 ga Oktoba na shekarar, ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta ƙirga mutum 105 da ake zaton sun kamu, 28 daga ciki sun rasu. Sauro na yaɗa wannan cuta tsakanin dabbobi, kuma yana iya sa wa mutum ita. Amma galibin mutanen da ke kamuwa, ta hanyar taɓa jini ko naman dabbar da ta kamu suke samun ta: wurin yanka, wurin fiɗa, wurin jawo ɗan da ya mutu a ciki, ko wurin zubar da ɓari.

Cintabaraden ba ta da nisa da mu. Garkunan da ke yin damina a arewa su ne ke saukowa bayan an kawar da amfanin gona, su bi ta Keita da Tamaske da Buza har Madawa, su sha ruwa ɗaya da namu, su shiga kasuwanninmu.

Akwai wasu cututtukan da ke bin hanya irin wannan:

Bakkale, mai sa shanu da awaki ɓari. Ƙwayarta na cikin mahaifa da ruwan haihuwa da ɗanyar madara. Tana shiga jikin mutum ta rauni, ko da ƙarami ne, ko ta ido da baki. Wanda ya kamu yakan yi ta fama da masassara mai tafiya tana dawowa, da zufar dare, da ciwon gaɓɓai, har watanni.

Ciwon saifa, wanda ma'aikatan kiwo ke kira sharbon. Dabba kan faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura. Ƙwayarsa na iya yin shekaru masu yawa cikin ƙasa, tana kuma liƙewa a fata da gashi da tufafi. A jikin mutum yakan fito kamar ƙurji mai baƙin tsakiya, galibi a hannu ko wuya ko fuska.

Makero, wanda maruƙa kan shafa wa mutum, shi kuma ya kai wa yaransa ta tufafi.

Sai kaska. Wata irin kaska da ke kan shanu da raƙuma tana ɗauke da masassara mai sa zubar jini, wadda likitoci ke kira masassarar Kirimiya da Kwango.

Ga kuma cututtukan da ba su cika damun mutum ba amma tufafinsa na ɗaukar su daga garke zuwa garke, kamar boru, wato ciwon baki da kofato, da annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, da annobar kaji.

Rigar sama ba ta tare ruwa

Yawancin rigunan aiki da ake samu na yadi ne. Suna tare ƙura da kashi da gashi, amma jini da ruwan haihuwa da maganin feshi suna ratsa su. Mu ɗauki misali. An kira mataimakin likita da hantsi saboda tunkiya ta kasa haihuwa. Ya durƙusa, ya jawo ɗan, ruwa ya jiƙa gaban rigarsa har ciki. Da ya gama sai ya wanke hannu, ya tuɓe rigar sama ya cusa a jaka. Ta cikin tana nan jiƙe a jikinsa. Da ita zai share zufa, da ita zai je garke na biyu, da ita zai zauna cin tuwo da iyalinsa. Wankin hannun da ya yi daidai ne, sai dai bai kai inda ƙazantar ta tsaya ba.

Don haka ƙa'idar farko ita ce: rigar ciki ita ma kayan aiki ce. A ware ta don aiki kaɗai, a tuɓe ta tare da ta sama.

Wace irin riga za a zaɓa

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Ko a wurin masu gwanjo ana samun wadda ta dace, in an san abin da ake nema.

1. Ta zama ta auduga, marar kauri. Auduga na shan zufa, tana barin iska ta shiga, tana jure wanki da ruwan zafi. Yadin roba, irin na rigunan ƙwallo, wani yana riƙe zafi da wari, kuma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne da fata. Wannan abin lura ne ga mai dafa sirinji a kan garwashi ko mai yi wa dabba lalas.

2. Ta zama mai haske: fara, ko ruwan toka mai haske, ko ruwan ƙasa. A kan irin wannan ake saurin ganin jini da kaska. Baƙar riga na ɓoye ƙazanta, mai ita ya ɗauka tana da tsabta.

3. Ta zauna daidai jiki. Kada ta matse har ta hana numfashi ko ɗaga hannu, kada kuma ta yi faɗi har ta leƙo ta ƙasan rigar aiki. Abin da ya leƙo shi ke jan ƙazanta, shi ne kuma ƙaho ko ƙaya ke kamawa. Doguwar riga da babbar riga ba su dace da wannan wuri ba.

4. Ta rufe ƙirji da kafaɗu da hammata. Singileti mai siririn hannu ya fi babu, amma mai gajeren hannu da zagayayyen wuya ta fi shi, don wurin riƙe ɗan maraƙi ko rago ƙirji da kafaɗa ne ke gugar dabba.

5. Su zama aƙalla biyu, uku in da hali: ɗaya a jiki, ɗaya a jaka cikin leda mai tsabta, ɗaya a igiyar shanya.

Wasu kan ce zafi ya yi yawa, gara a sa rigar aiki a kan fata kawai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wannan magana tana da dalili. Amma in ba komai a ciki, duk abin da ya ratsa rigar sama kai tsaye fata yake samu, ga ƙurajen zafi da ƙaiƙayi sun riga sun buɗe masa ƙofa. Siririyar rigar auduga da ake canzawa in ta jiƙe ta fi sauƙin ɗauka a kan wannan haɗarin.

Gajeren hannu ko dogo

Amsar ta danganta da aikin da za a yi.

Wurin taimakon haihuwa, ciro mahaifa, wanke rauni, ko duba cikin dabba, hannun riga ya tsaya sama da gwiwar hannu. Dalili shi ne ana iya wanke fata da sabulu nan take, amma bakin hannun riga in ya jiƙe haka zai wuni yana gugar wuyan hannu. A irin wannan aiki abin da ke kare hannu shi ne safar hannu ta roba, doguwa mai kaiwa kafaɗa. In babu ita, a sa hannu cikin leda mai ƙwari marar huji a ɗaure ta sama, kafin a samo ta gaske. Wanda ke da rauni a hannu ya rufe shi da filasta, in raunin babba ne ya bar wa wani aikin.

Wurin feshi ko wankan maganin kaska kuwa, dogon hannu ake so, da dogon wando, da safar hannu mai kauri, da abin rufe hanci da baki, domin waɗannan magunguna suna shiga jiki ta fata. In maganin ya jiƙa riga, a tuɓe ta nan take a wanke jiki da sabulu, kada a jira a gama aiki. Jiri, tashin zuciya, yawan miyau ko ganin dishi-dishi bayan feshi alamu ne na a tafi gidan likita, a riƙe kwalbar maganin a nuna musu.

Haka ma in za a shiga garke mai yawan kaska, ko a yi aiki da maraice kusa da tafki inda sauro ya yi yawa, dogon hannu ya fi.

Wando, safa da takalmi

Wando ya zama dogo, mai ɗan kauri, marar faɗin ƙafa. A cusa rigar ciki cikin wando, a cusa ƙafar wando cikin safa. Kaska daga ƙasa take hawowa tana neman wuri mai laushi kamar matsematsi da hammata da bayan gwiwa, in ta tarar da hanya a rufe sai ta tsaya a waje inda za a gan ta. Wannan dabara tana rage wahalar ƙarangiya ma. A ɗaure tazuge a tura bakinsa ciki.

Takalmin roba mai tsawo shi ne na aiki, domin ana iya wanke shi kafin a bar garke. Silifa da takalmin fata buɗaɗɗe ba sa kare ƙafa daga kofato, ko allurar da ta faɗi, ko jini. A sa safar auduga a ciki, a canza ta kullum. Da safe a zazzage takalmin kafin a sa ƙafa, saboda kunama.

Lokacin sanyi

Allurar rigakafi ta shekara-shekara da gwamnati ke shiryawa, ta ciwon huhun shanu da PPR da ta raƙuma, galibi cikin sanyi take faɗowa, kuma da sassafe ake farawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora rigar sanyi a kan rigar aiki. Ita ce za ta kwashi majina da kashi da gashin dabbobi ɗaruruwa, ga shi ba kullum ake wanke ta ba, wani ma da ita yake lulluɓa da dare.

Abin da ya dace shi ne kayan ɗumi su kasance a ciki: rigar auduga a kan fata, sai rigar sanyi marar hannu ko mai hannun da ke naɗuwa, sannan rigar aiki a sama. In rana ta ɗaga sai a cire ta tsakiyar da hannu mai tsabta a sa a leda. Wanda zai yi tafiya a babur da babbar rigar sanyi ya tuɓe ta ya bar ta nesa da dabbobi kafin ya fara aiki.

Rawani, hula da hijabi

Rawani na kare kai daga rana, yana rage ƙurar hunturu. Amma a naɗa shi tsaf, a cusa jelarsa, kada ta yi lilo inda ƙaho ko igiya za su kama ta su shaƙe mutum. Kada a share hannu da shi, domin shi ne ke komawa kan hanci da baki. A ware rawani ɗaya gajere don aiki, a riƙa wanke shi tare da rigar ciki. A sani kuma rawani ba ya maye gurbin takunkumi wurin aiki da ɓari ko matattun kaji.

Ƴan uwa mata masu wannan aiki su nemi ƙaramin hijabi na auduga wanda za a tura bakinsa cikin wuyan rigar aiki. Dogon hijabi yana sharar ƙasa idan an sunkuya, yana shiga jini da kashin kaji. A ajiye shi don hanya. A ƙasa a sa dogon wando, in ana so a ɗaura zane na aiki a kai wanda bai kai ƙasa ba. Kada a yi aikin dabba marar lafiya da goyo a baya, kada kuma a ba yaro nono sai an canza riga an wanke hannu da ƙirji. Mace mai ciki ta nisanci ɓarin dabba da mahaifa da taimakon haihuwa gaba ɗaya, domin wasu daga cikin waɗannan cututtuka suna iya taɓa cikinta. A nan babu tufafin da ya isa kariya.

Zobe, agogo, laya da waya

Zobe da agogo da awarwaro suna tara ƙazanta a ƙarƙashinsu, suna yaga safar hannu, suna iya ji wa dabba ciwo a ciki. A cire su kafin aiki. Wanda ke ɗaura kambu ko laya a hannu ya tuna fatar da aka ɗinke su da ita tana shan jini kuma ba ta wankuwa. Ya matsar da su inda rigar ciki za ta rufe su, ko ya ajiye su a jaka har ya gama.

Waya da kuɗi da goro kada su zauna a aljihun rigar aiki. A sa waya cikin leda, kada a ɗauka da hannu mai jini. Sirinji mai allura kuwa ba a sa shi a aljihu ko kaɗan. Dabba na zabura sau ɗaya allurar ta shige cinya. In hakan ta faru a wanke wurin da ruwa da sabulu, a je gidan likita da kwalbar maganin.

Yadda ake tuɓewa da wanki

1. A wanke takalmi tun yana ƙafa, a kankare kashin da ke ƙasansa.
2. A tuɓe rigar sama ana juya ta, bayanta ya koma ciki, a sa a leda. Kada a kakkaɓe ta.
3. A cire safar hannu. Mai amfani sau ɗaya a ƙone ta ko a binne, kada yara su samu su hura.
4. A wanke hannu da sabulu har sama da gwiwar hannu.
5. A tuɓe rigar ciki da wando, a duba jiki ko akwai kaska. In an samu, a kama ta dab da fata da ɗan matsefi a ja a hankali. Kada a murƙushe ta da farce.
6. A yi wanka in da ruwa, in babu a wanke fuska da wuya da hannuwa, sannan a sa kayan gida. Da waɗannan ake salla, da su ake cin abinci.

Kayan aiki a bokitinsu daban ake wanke su, ba a haɗa su da na iyali, ba a kuma ba yara wankinsu. Mai wankin ya sa safar hannu. A fara da sabulu, da ruwan zafi in ya samu, domin jini da kashi suna kashe ƙarfin ruwan jabel. Bayan an ɗauraye, kayan da suka taɓa jini ko ɓari a jiƙa su minti 30 cikin ruwan jabel mai sauƙi. A duba ƙarfin da aka rubuta a kwalba: in kashi 5 cikin 100 ne, awo 1 na jabel a awo 99 na ruwa, in kashi 2.6 ne, awo 1 a awo 50. Kada a gauraya jabel da wani magani. A sake ɗaurayewa, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Ruwan wankin a zuba shi cikin rami, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Ciwon saifa hukuncinsa daban ne. Dabbar da ta mutu farat ɗaya ba a fiɗe ta, ba a cin namanta, ba a sayar da fatarta. A sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan. Tufafin da jininta ya jiƙa, wanki na yau da kullum bai isa ya kashe ƙwayar ba, ƙone shi ya fi.

Duk wanda ya yi masassara cikin kwanaki ko makonnin da suka biyo bayan taɓa ɓari ko mushe, ya je gidan likita ya faɗa musu aikin da ya yi. In bai faɗa ba, ana iya ɗauka masassarar cizon sauro ce kawai.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tun farkon shekarun 2000 aka fara kafa tsarin SVPP a Nijar, inda likitan dabbobi mai zaman kansa ke aiki da mataimaka da ke zaune cikin jama'a. Mataimakin nan ɗan garinku ne, lafiyarsa da tsabtarsa sun shafi garken kowa. Idan ƙungiya za ta yi lissafin kayan aiki, kada ta tsaya kan sirinji da magani. A sa rigunan ciki biyu ko uku ga kowane mataimaki, da wando, da safa, da safar hannu doguwa da gajera, da bokiti da sabulu da ruwan jabel. A gidan likitan dabbobi ko shagon magani na ƙungiya a keɓe ɗan lungu na canza kaya, da ƙusa biyu nesa da juna, ɗaya ta kayan aiki ɗaya ta kayan gida. A yi wannan tanadi kafin lokacin rigakafi da lokacin haihuwar dabbobi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma makiyayi, in ka kira mataimaki, ka tanadar masa ruwa da sabulu. In ka ga ya fito daga garke mai ciwo da jini a riga, ba rashin kunya ba ne ka roƙe shi ya canza kafin ya shiga naka. In kai ne ka dawo daga kasuwar dabbobi, ka canza riga ka wanke takalmi kafin ka shiga cikin bisashenka. Ko ba ka da rigar aiki, ka ware tsohuwar taguwa ɗaya don taimakon haihuwa da jinyar dabba, ka rataye ta a waje, ba cikin ɗakin kwana ba.

Tambayoyi don tattaunawa a taron ƙungiya

1. Waɗanne ayyuka ne ke son gajeren hannu, waɗanne ne ke son dogo, kuma don me?
2. A gidajenmu, wa ke wanke kayan da suka taɓa jinin dabba, kuma a wane bokiti?
3. Riguna nawa mataimakinmu yake da su yanzu, kuma nawa ƙungiya za ta iya ƙara masa kafin rigakafi mai zuwa?
4. In akuya ta yi ɓari da dare kuma mace mai ciki ce kaɗai a gida, wa za a kira?